Ruwa Garau Ma Yana Kisa: Sharhi a Kan Fim Ɗin Finding Nemo

Na san wasu 'yan'uwa za su ce me ya haɗa mai sharhin littattafai da fim ɗin yara, fim ɗin ma na zane, wanda ya fito tun 2003. Abin da ya haɗa mu shi ne kifi biyu da na binne a gindin dogon yaro a bayan gidanmu da ke Kukuo, 'yata Rahinatu tana tsaye a kaina tana kuka tana tambayata laifin me suka yi. Ban iya ba ta amsa a ranar ba. Sai bayan wata biyar na samu amsar, kuma da na samu sai na koma na sake kallon fim ɗin da wani ido daban. Abin da na gani shi nake so in baje a nan, domin ina ganin ya shafi masu rubutu fiye da yadda ya shafi masu kiwon kifi.

Ga wanda bai san wurin ba, Kukuo unguwa ce a Tamale, an fi saninta da mata masu ginin tukwane. Tsakaninmu da teku akwai tafiyar kilomita 600 da wani abu idan ka bi hanyar Kumasi zuwa Ankara. Kifin da muka sani shi ne karfasa da tarwaɗa da ake kawowa daga kogin Volta, ta wajen Yapei da Buipe, sai banda da ake kasawa a kasuwar Aboabo. A wajenmu kifi na miya ne. Mutum ya ajiye kifi a ɗaki don kallo kawai, kifin ma na ruwan gishiri, wannan sai a fim. To ni ma a fim na gani.

Labarin a taƙaice

Andrew Stanton ne ya ba da umarni, kamfanin Pixar ya shirya, kuma fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin zane a 2004. Labarin wani ƙaramin kifi ne mai ruwan lemo da ratsin fari, sunansa Marlin, yana zaune a babban tsaunin murjani da ke gabar Ostireliya. Wani mugun kifi ya cinye matarsa da ƙwayayensu duka, saura guda ɗaya. Daga wannan ƙwai aka samu Nemo, wanda aka haifa da fiffike ɗaya ƙarami. Saboda abin da ya faru, uban ya zama mai tsananin tsoro, ba ya barin yaron ya yi taku ɗaya shi kaɗai. Ranar da Nemo ya fara zuwa makaranta, haushin uban ya sa ya fita fili don ya taɓa wani jirgin ruwa, sai wani mai ninƙaya ya cafke shi. Mutumin likitan haƙori ne a birnin Sydney, ya jefa shi cikin tankin gilashi da ke ofishinsa, da niyyar ya ba wa 'yar ɗan'uwansa Darla, yarinyar da ta riga ta kashe kifi ɗaya da jijjiga. Daga nan labarin ya rabu biyu: uban yana ratsa teku tare da Dory, shuɗiyar kifanya mai saurin mantuwa, ɗan kuma yana cikin tanki da wasu kifaye suna ƙulla yadda za su gudu.

Inda fim ɗin ya yi ƙoƙari

Ba zan ci amanar fim ɗin ba, zubinsa ya yi kyau ƙwarai. Dubi yadda aka ɗora zaren labarin biyu a kan juna. Uban yana cikin teku marar iyaka amma tsoro ya ɗaure shi tamau. Ɗan yana cikin gilashin da bai fi tsawon tebur ba, a nan ne kuma ya koyi amfani da fiffikensa. Duk lokacin da aka bar ɗaya aka koma kan ɗayan, mai kallo yana jin ana auna su ne. Haka nan haɗa Marlin da Dory dabara ce ta wanda ya san aikinsa: shi ciwonsa ya kasa mantuwa, ita nata ta kasa tunawa, kowanne yana ɗauke da maganin ɗayan. Marubutanmu da ke haɗa taurari biyu don kawai ɗaya kyakkyawa ce ɗaya mai kuɗi ne suna da abin koyo a nan.

Stanton ya sha faɗin cewa labarin ya tsiro ne daga abu biyu a rayuwarsa: tankin kifin da yake kallo a wajen likitan haƙori yana yaro, da kuma ranar da ya lura yana hana ɗansa sakewa saboda yawan tsoro. Ana jin gaskiyar wannan a fim ɗin. Duk uban da ya taɓa tsayawa a bakin titin Tamale yana kallon ɗansa zai tsallaka, babura da yalo-yalo suna ta kai da kawo, ya san abin da ke cin Marlin.

Jigo na biyu kuma a fili yake: abin da Allah ya ajiye a teku ba kayan ado ba ne. Likitan yana ganin ceto ya yi, alhali sata ya yi. Wannan saƙo ne mai kyau, kuma an faɗe shi ba tare da wa'azi ba.

To ina matsalar take? Tana cikin ruwan tankin.

Yadda na kashe kifi biyu

Rahinatu tana da shekara bakwai lokacin. Ta kalli fim ɗin a wayata har ta haddace shi. Na yi mata alkawarin idan ta haɗa izu biyu a makarantar allo zan kawo mata Nemo, ina ganin wasa nake yi. Sai ga shi ta haɗa. Alkawari kaya ne, balle na uba ga 'yarsa.

Na sa wani mai aikin gilashi ya haɗa mini tanki mai cin lita 100. Na samu wani mai sayar da kifin ado a Ankara ta WhatsApp, ya aiko mini da gishirin haɗa ruwan teku, da farin yashi, da ƙaramin injin tace ruwa. Na tambaye shi yaushe zan iya zuba kifi, ya ce da zarar ruwan ya kwanta ya yi garau. Maganar ta zauna mini, don haka na gani a fim. Kwana biyu ruwan ya washe kamar hawaye. A rana ta uku na je tasha da asuba na karɓi leda biyu daga motar dare, kowace da kifinta. Watan Maris ne, lokacin da zafin Tamale yake kaiwa digiri 40.

Kwana uku na farko gidanmu ya zama gidan kallo. Yaran unguwa suna layi a bakin taga. Rahinatu tana zuba abinci sau huɗu, sau biyar, ni kuma ina jin daɗin ganin suna ci. A rana ta huɗu suka daina ci. A ta biyar suka hau saman ruwa suna haki. Na duba ruwan, babu ko ɗigon datti. A ta shida ɗaya ya kife, washegari da safe ɗayan ya bi shi.

Uwargida ta ce, "Baban Rahina, anya ba kambun baka ba ne? Mutanen nan sun yi ta yabawa babu wanda ya ce tubarkalla." Ni kuma na zargi mai sayarwa cewa marasa lafiya ya aiko mini. Babu ɗayanmu da ya zargi ruwan, domin idonmu ya gaya mana ruwan lafiya yake.

Abin da ido ba ya gani

Daga baya na zauna na karanta, na kuma sayi kayan gwajin ruwa, waɗanda ya kamata in fara saya tun kafin gilashi. Ga abin da na gano.

Kifi yana fitar da amoniya daga jikinsa dare da rana, ragowar abinci idan ya ruɓe shi ma amoniya yake zama. Guba ce da take ƙona wurin da kifi ke shaƙar iska, kuma ba ta da launi ko kaɗan. A teku ruwa yana da yawa, ga kuma halittun da ke cinye ta. A cikin lita 100 babu inda za ta je. Abin da ya ƙara muni, ƙarfin gubarta yana ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi, yana kuma ƙaruwa a ruwan da ma'aunin pH ɗinsa ya haura 8, wanda haka ruwan teku yake. Ke nan na haɗa wa kifayen nan komai: sabon tanki, abinci fiye da kima, da zafin Maris.

Masu cinye amoniya ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani. Wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ne ya fayyace aikinsu wajen 1890. Kashi na farko suna juya amoniya ta zama naitirayit, wadda ita ma guba ce. Kashi na biyu suna juya wannan ta zama naitiret, wadda kifi yake iya jurewa idan ba ta taru da yawa ba, ita kuma ana rage ta da canjin ruwa. Waɗannan ƙwayoyin a jikin dutse da yashi da soson injin tacewa suke maƙalewa, kuma suna da jinkirin hayayyafa. Kafin su yi yawan da za su ɗauki nauyin kifi biyu, sai an ba su mako huɗu zuwa shida, ana ciyar da su da 'yar amoniya, tankin babu kifi ko ɗaya. Wannan jiran shi ne ginshiƙin kiwon kifin tanki gaba ɗaya. Wanda ya tsallake shi, kifinsa ne zai biya.

Komawa ga fim ɗin

Da wannan sani na sake kallon sashen tankin, sai na ga an gina shi ne a kan kuskuren da ya kashe mini kifi.

Dabarar gudu da Gill, shugaban kifayen tankin, ya ƙulla ita ce Nemo ya shiga cikin injin tacewa ya cusa tsakuwa ya tsayar da shi. Idan ya tsaya tankin zai yi datti, likita zai kwashe su ya sa a leda don ya wanke, su kuma su mirgina ta taga su faɗa teku. Aka tsayar da injin, tankin ya yi kore shar da gansakuka, kifayen suna ta wasa a ciki suna murna. Sai likita ya sa sabon inji cikin dare, gari ya waye ruwa ya koma garau, komai ya koma daidai.

Me yaro ya koya a nan? Ya koyi cewa matsalar ruwa ita ce abin da ake gani, kuma inji yana gyara ta cikin dare ɗaya. Gaskiyar kuwa a juye take. Gansakuka ba ta cika kashe kifi ba, wasu kifayen ma abincinsu ce. Abin da zai faru idan inji ya tsaya a tankin da ya cika da kifi haka shi ne iskar oksijin ta ragu, ƙwayoyin da ke cikin injin su fara mutuwa, amoniya ta hau. Kafin gilashi ya yi kore, an fara kwashe gawa. Sabon injin da aka nuna a matsayin mai gyara kuwa, ranar da aka sa shi babu ƙwaya ɗaya mai amfani a cikinsa. Tsabtarsa ita ce aibinsa.

Akwai sauran ƙananan abubuwa. An haɗa talibambam da jatan lande a tanki ɗaya suna abota, alhali a zahiri ɗaya abincin ɗaya ne. Irin kifin da Gill yake, masu kiwo sun san yana cikin mafi wuyar rayuwa a tanki, don sau da yawa ƙin cin abinci yake yi har ya mutu. Nemo kuma ya tsira ne ta magudanar ruwan ofishin likita ya ɓulla teku lafiya lau. Rahinatu ta tambaye ni me ya sa ban zuba namu a kwata ba tun suna haki, ai da sun koma gida. Sai da na kai ta ta ga inda kwatar unguwarmu take ƙarewa.

Wani zai ce, Malam, tatsuniya ce, kifi ma ai ba ya magana. Na yarda, kuma ban taɓa neman Gizo ya yi halin gizo-gizo na gaskiya ba. Ban ma riƙe fim ɗin da laifin ɓoye wani abu da masana suka sani ba, wato irin wannan kifin idan macen ta mutu, namijin ne yake rikiɗa ya zama mace. Da an bi wannan, da labarin uba da ɗa ya rushe, kuma marubuci yana da 'yancin ya zaɓi abin da labarinsa zai ɗauka. Bambancin shi ne, babu yaron da zai cutu don Marlin bai zama mace ba, kuma kowa ya san maganar kifi ƙage ce. Amma ruwan tankin an zana shi ne don a yarda da shi. Masu fim ɗin sun ɗauki masanin kifi, Adam Summers, ya koyar da su yadda kifi ke motsi. Sun ɓata lokaci a kan yadda haske ke ratsa ruwa da yadda ƙura ke yawo a cikinsa. Wanda ya yi wannan wahala don ya sa ka yarda da idonka, ya ɗauki nauyin abin da idon naka zai koya. A inda fim ɗin ya fi kama da gaskiya, a nan ya fi ɓatar da mai kallo.

Baki yana hani, hoto yana kira

Wannan ya kawo ni ga babban abin da nake tuhumar fim ɗin da shi. Jigonsa yana cewa a bar kifi a teku. Salonsa kuma yana nuna tankin da ya fi kowane ɗaki kyau, da fitila, da kumfa, da launuka, da kifaye masu barkwanci waɗanda suka shekara a ciki babu abin da ya same su in ban da kewa. Yaro ɗan shekara bakwai ba jigo yake ɗauka ba. Rahinatu ta kalli fim sau ashirin a kan muguntar sa kifi a tanki, abin da ta fito da shi shi ne tana son kifi a tanki. Ni ubanta, mai kiran kansa manazarci, ban fi ta ba.

A nan dole in yi adalci. An daɗe ana yaɗa cewa fim ɗin ya sa an wawashe irin wannan kifi daga teku. Masu binciken da suka bi alƙaluman cinikin daga baya ba su ga hujja mai ƙarfi a kan haka ba, kuma tun shekarun 1970 ake hayayyafar kifin Nemo a gonakin kifi, ba sai an kamo daga teku ba. Irin Dory ce ta fi shiga haɗari, don sai a 2016, shekarar da Finding Dory ya fito, aka fara samun nasarar hayayyafar irinta a wani ɗakin bincike na Jami'ar Florida. A wasu sassan Filifin da Indunusiya kuma an san masu kamun kifin ado da fesa guba a cikin murjani don su sumar da kifi. Don haka ba na cewa fim ɗin ya kwashe teku. Ƙarata ƙarama ce, kuma ina da shaida biyu a gindin dogon yaro: ya koya wa ido ya amince da ruwa garau.

'Yan'uwa marubuta, wannan ciwon muna da shi a gida. Sau nawa muka karanta littafin da aka ce an rubuta don a yi hani ga kwaɗayin abin duniya, amma shafi ɗari uku ana siffanta gidan Alhaji, da kujerunsa, da motocinsa, da lefen da aka kai, sai a shafi biyar na ƙarshe a ce dukiyar ta haram ce, ya mutu a wulaƙance? Yarinyar da ta karanta, me ya zauna mata a rai? Inda marubuci ya zuba gwanintarsa, nan mai karatu yake tarewa. Idan ka ƙawata tarko fiye da yadda ka nuna zafinsa, tallar tarko ka yi, ko da ka rufe da nasiha. Pixar da duk kuɗinta ta faɗa wannan rami, don haka ba abin kunya ba ne mu duba namu rubutun.

Akwai kuma abu na biyu da fim ɗin ya guje wa, wanda mu ma muke guje wa, shi ne jira. Labari yana son gudu da tsere da haɗari. Mako shida na kallon tankin da babu kowa a ciki ba ya shiga fim. Haka a littattafanmu, yarinya za ta shiga jami'a a babi na huɗu ta fito likita a babi na biyar. Alhali yawancin abin da ke riƙe rai, a wannan tsakanin da muke tsallakewa yake faruwa.

Karo na biyu

Na bari sai da damina ta zauna, gari ya yi sanyi, na sake farawa a farkon Agusta. Wannan karon na bi ƙa'ida. Ban yi amfani da ruwan famfo ba saboda sinadarin kulorin da ake zubawa a ciki yana kashe ƙwayoyin da nake nema. Na kai galan ɗin Kufuor wajen masu ɗura fiya wata da ke da injin tacewa mai kyau suka cika mini. Gishiri kuwa, na Daboya da na Ada duk na miya ne, ba sa yin wannan aiki, don ruwan teku yana ɗauke da wasu ma'adanai da ke raguwa ko su fita idan an dafa ko an shanya gishiri. Sai wanda aka haɗa musamman, wajen giram 35 a kowace lita, ka auna da ma'auni har ya tsaya a 1.025. Na sa duwatsu masu ramuka-ramuka da aka aiko mini daga Ankara.

Na karanta cewa masu hayayyafar kifin Nemo suna sa masa tukunyar ƙasa ya maƙale a ciki ya yi ƙwai. Na yi dariya, don ga ni a unguwar tukwane. Na je wajen wata tsohuwa da ke gini a bayan layinmu na ce, "Mma, ƙaramar tukunya nake so, wadda ba a shafa mata komai ba." Da ta ji abin da zan yi da ita sai ta riƙe baki ta ce, "Ɗana, yau kuma kifi ne zai kwana a tukunya da ransa?" Da na ba ta labarin na farko, ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ta ce ko sabuwar randa ba a shan ruwanta na farko, sai an cika an zubar, an cika an zubar, ta sha ta ƙoshi tukuna. Abin da na sha wuyar karantawa a intanet, ita ta san dangin sa tun tana budurwa. Na jiƙa tukunyar mako biyu ina canza ruwa kafin in sa ta.

Sai na jefa ɗan guntun ɗanyen jatan lande a tankin na bar shi ya ruɓe. Na ba Rahinatu aikin gwaji: ta ɗebi ruwa a 'yar kwalba, ta ƙirga ɗigon magani, ta rubuta launin a littafinta. A makon farko kwalbar amoniya ta tashi daga rawaya ta koma kore. Na ce mata, "Kin ga abin da ya kashe su." Ta dubi kwalbar, ta dubi tankin da ke ƙyalli, ta yi shiru. A kwana na 12 kwalba ta biyu ta fara juyawa daga shuɗi zuwa shunayya. Wajen kwana na 20 amoniya ta sauka, ta biyun kuma ta ƙi motsi har na fara tunanin na sake ɓata wani abu. Yashi ya yi ruwan ƙasa, gilashi ya yi dauɗa, tankin ya fi kowane lokaci muni. Maƙwabta suka daina zuwa. Wani abokina ya ce bai taɓa ganin mai kiwon dutse ba sai ni. Na ce masa ai an ce mai haƙuri yakan dafa dutse, nawa yana kan wuta.

Dumsor ma ya yi nasa. Ƙwayoyin nan suna buƙatar iska kamar kifi, don haka na sayi ƙaramin famfon iska mai batir. Wani dare batir ya ƙare, na zauna ina kwasar ruwan da ludayi ina zubawa daga sama har wuta ta dawo. A kwana na 38 kwalabe biyun duk suka nuna sifili, ta uku ta nuna naitiret. Na canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, na ƙara mako guda don in tabbatar, sannan na aika a kawo kifi biyu, na kuma nace sai waɗanda aka haifa a gona.

Suna nan har yau. Abinci sau biyu, ɗan kaɗan. Da hunturu ruwa yana ƙafewa da sauri, kullum sai na ƙara, kuma ruwa zalla ake ƙarawa don gishirin ba ya tashi. Da bazara fanka a kan tankin take kwana, da gorar ƙanƙara a ciki, don ruwan kada ya wuce digiri 27 da yawa. Wanda Rahinatu ta sa wa suna Nemo ya fi ɗayan girma yanzu, ya kuma kame tukunyar Mma ya hana kowa, wato dai ya zama mace. Na yi mata bayani, ta ce to sunan ya zauna haka nan.

Ba zan ba kowa shawarar ya bi sawuna ba. A garin da mata ke tashi da asuba da galan a ka suna neman ruwan sha, ni kaina ina jin nauyi duk ranar da na zubar da lita ashirin don kifi biyu. Alkawari ne ya kai ni, yanzu kuma rai ne a hannuna, ba ni da damar ja da baya.

Fim ɗin kuwa, ina cewa a kalla, a kuma bar yara su kalla. A matsayin labarin uba da ɗa yana cikin mafi kyawun da na gani, zubinsa abin nazari ne ga duk mai son rubutu. Amma idan aka zo wajen tankin likita, uba ya tsayar da fim ɗin ya gaya wa yaron cewa nan wurin masu zane sun bi abin da ke da kyau a ido, sun bar abin da ke raya kifi. Mu kuma da muke riƙe da alƙalami, idan mun gama rubutu mu koma mu ƙirga shafukan da muka ba abin da muke hani a kai, da waɗanda muka ba abin da muke kira zuwa gare shi. Allah ya sa mu dace.